Makaniken da Ya Ƙi Murɗa Sukurun Silo

Kai da kake ganin da zarar ƙara ta lafa gyara ya kammala, zauna ka ji misalin wani makanike.

Dattijo ne, irin waɗanda in sun ce mota ta gyaru, direba ba ya sake waiwayowa, shi ma dattijon ya san da haka, yana taƙama da abinsa. Ya sauke injin wata tsohuwar motar dakon albasa, ya haɗa shi da hannunsa, ya sallami mai ita. Ba a jima ba sai ga mota ta dawo tana kururuwa a tsaye kamar an take totur, alhali ba ƙafar kowa a kai. Ya duba taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, ya tarar ya goce. Ya saita, ta tafi, ta sake dawowa da kukanta, taimin ya koma gidan jiya. Nan fa aka fara ƙus-ƙus a gareji wai hannun tsoho ya soma rawa. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don sunan da ya tsufa yana ginawa ne ake shirin zubarwa a kan mota ɗaya. Maƙwabcinsa ya matso ya ce, "Baba, murɗa sukurun silo ƙasa mana ta yi shiru, ka rabu da fitina." Kowa ya san wannan dabara ta rage silo, wato gudun inji in mota na tsaye: mai mota zai tafi yana godiya, sai ya yi nisa da lodi ta riƙa mace masa a duk inda ya tsaya. Dattijo ya ce shi ba ya toshe bakin mara lafiya ya ce ya warke.

Sai ya ɗauki alli ya ja layi a gindin delko, abin da ke raba wa fulogi wuta, don ya ga ko shi ke gocewa, ya zaga gari da motar har ta yi zafi. Da ya dawo, layin na nan daram, ashe delkon da ake ta zargi bai motsa ba. Ya yanko guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunne, ya bi jikin inji da ɗayan yana saurare, masu kallo na ƙyafta wa juna ido. Can ƙarƙashin kafireta ya ji wani siririn huci. Wani ɗan tiyon iska ne da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, wanda ya tafi zuwa delko, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. In inji ya yi zafi sai tsagar ta buɗe, iska ta kutsa, silo ya hau, taimin ya riƙa yawo. Ya cire shi ya sa sabo, ya tada mota, ta kwanta luf. Kofin shayinsa ya cika fal, ya ɗora a kan inji yana aiki, ya koma benci ya harɗe ƙafa, masu ƙus-ƙus suka tsaya suna jiran ɗigo ɗaya ya zuba, har suka gaji suka watse.

To ka ji. Kafin ka bi ɓarna da gudu, nemo ƙofar da ta biyo, domin Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.