Sunan da Kawu Ya Laƙaba Mini

Ina ƙarama Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai koyar da Turanci a Lafia, ya ɗauko ni daga Agyaragu da alkawarin zai sa ni makaranta.

Wata rana da la'asar Baba ya zo duba ni a gidan Kawu da ke unguwar Bukan Sidi. Ya tarar da ni a bakin rijiya ina kankare tukunya da toka. Ya ce, "Malam, yaya karatun yarinyar nan?"

Kawu ya kalli abokinsa da ke zaune a kan benci, ya yi murmushi. "Yaya, kwantar da hankalinka. Ai ta riga ta zama sikaliyan."

Abokin ya tuntsire da dariya. Baba ba ya jin Turanci, amma ya san ana ce wa makaranta sukul, sai ya ɗauka wani matsayi ne na ɗalibai. Ya dafa kaina ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Sikaliya." Ya yi ta yi wa Kawu godiya, ya bar masa doya.

Ban taɓa shiga aji ba. Kullum sai baɗi.

Bara 'yata, wadda ke rubuta mini wannan, ta binciko kalmar. Tsohon Turanci ne, wai mai wankin tukwane a gidan manya. Wasu sun ce asalinta ma tsumman goge-goge ne.

Har yau kuka nake. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, da sunan nan yake kirana in yana so ya faranta mini rai. Ni na koya masa shi da bakina.