Hannun Baba a Kan Filafili

Ranar da Baba ya ɗora mu a kwale-kwalensa a dam ɗin Samaru, ni ya fara miƙa wa filafili, katakon da ake tura ruwa da shi. Na daɗe ina kallonsa daga gaɓa, sai na tsoma dama, na tsoma hagu, jirgi ya miƙe. Baba ya ce, "Madalla," ya karɓe.

Da aka ba ƙanena Iliya, sai ya dinga dukan ruwa ta gefe ɗaya, jirgi na ta juyi wuri guda. Baba ya tuntsire da dariya, ya matso bayansa, ya ɗora hannayensa masu ƙarnin kifi a kan nasa.

"Ba da hannu ake tuƙi ba, auta, da ƙugu ake. Juya jikinka."

Haka suka yi ta yi har la'asar sakaliya, ƙeyar Iliya a ƙirjin Baba, ni ina gefe ina kwarfe ruwa da gwangwani.

Har yau Iliya bai iya tuƙi ba. Ni na iya. Amma da na sani, wallahi da ni ma na juya jirgin nan.