Tirelar Mijin Damata

Duk faɗin unguwar Tremont, Tamimu bai ga wurin ajiye motarsa ba sai ƙarƙashin tagar Saani. Baƙar a-kori-kura ce ƙatuwa, tana jan tirelar shaƙatawa, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Saani ya leƙo da kofin shayi a hannu, shayin ya fita ransa.

Tare suka taso a Zangon Kumasi, kuma Saani ne ya riga zuwa New York. Shi ya koya wa Tamimu tuƙin tasi, shi ya ba shi auren ƙanwarsa Damata. Yau ga Tamimu da gida a kan taya, shi kuwa har yanzu motar wani yake ja. Abin yana cin sa, kuma bai iya ɓoyewa ba, don tun yana yaro ko sabon takalmi ya gani a ƙafar wani sai ya ƙi cin tuwo.

Tamimu ya matsa masa sai ya sauko ya gani. Ciki ya turnuƙe da turaren wuta, har Saani ya yi tari. Da suka fito ya taka ɗigon baƙin mai a bakin titi, ya goge takalminsa yana "Masha Allah" da baki kawai.

"Yaya Saani, Montreal za mu je hutu," in ji Tamimu. "Sai dai inshorata a boda ta tsaya, ta Kanada tsada gare ta. Tracker ɗin ma, na'urar bin sawun motar, na cire. Allah ne mai tsaro."

Ya faɗi sunan masaukin da za su sauka, ya ce a filin bayansa za su bar motar don gaba ba ya ɗaukar tirela. Ya sake maimaita sunan, wai ko Yaya zai so ya kira su.

Saani ya san wani a Montreal, mutumin da motocin jama'a ke shiga kwantenarsa su ɓulla a Afirka da sabuwar lamba. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya tuna Damata, ya tuna 'ya'yanta. Sai ya sake leƙawa ya ga 'yan masallaci sun kewaye Tamimu suna shafa motar, har wani na ce masa Alhaji alhali ko Jidda bai taɓa gani ba. Ya danna lambar mutumin.

A bas su Tamimu suka dawo, da kayansu a leda, an sace mota da tirela. Saani ya saka farar riga ya je jaje, ya fi kowa jan "Innalillahi", ya riƙe hannun Tamimu yana ba shi haƙuri. Damata ta kawo masa waace, shinkafa da wake irin na Kumasi, da ƙwai biyu, ya cinye tas. Rabonsa da jin daɗin abinci haka ya manta.

Daɗin bai kai hunturu ba. Wata Juma'a bayan an sauko, sabuwar a-kori-kura fil ta tsaya ƙarƙashin tagarsa, ledar kujeru ma ba a cire ba. Saani ya sauko da sauri, don ya san ba a sayen irin wannan da kuɗin tasi.

"Inshora ta biya, mota da tirela duka," in ji Tamimu, yana miƙa masa goro.

"Ba ka ce a boda ta tsaya ba?"

Tamimu ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Full cover ce, Yaya, har Kanada, har sata tana biya. Injin waccan ya gama, rufin tirelar yoyo yake yi, na rasa mai saye ko a rabin kuɗi. Ƙanwarka ce ta ce kada in wahalar da kaina neman ɓarawo, in nuna maka motar kawai."