Santsin Ƙofar Banɗaki

Mai tayil bai gama tuɓe takalmi ba Malam ya nuna masa ƙofar banɗaki da tsohuwar rularsa.

"Wannan da ka shimfiɗa, na bango ne ko na ƙasa?"

Mai tayil ya sosa ƙeya. Ya ce na ƙasan ne ya ƙare, shi ne ya cike gurbin da ragowar na bango, ai launinsu ɗaya.

"Gishiri da sukari ma launinsu ɗaya," in ji Malam.

Ya daɗe da ajiye alli, amma har yau in yana magana sai mutum ya ji kamar ya ɗaga hannu kafin ya amsa. Yana tsaye ƙiƙam a tsakiyar falo, hannu ɗaya a ƙugu. Matarsa Hajiya na kan doguwar kujera, siririya kamar tsinken tsintsiya, an naɗe mata idon sawu da tsohon ɗankwali. Falon duk ƙaurin man zafi.

Da safe abin ya faru. Maƙwabciya ta ji tim ta bayan bango kamar an yar da buhun siminti, ba ta yi wata-wata ba ta buga wa babbar 'yarsu waya. 'Yar kuwa nas ce, ta baro asibiti da farin kayanta, ga ta nan tsaye da makullin mota a hannu.

Makullin nan shi ne damuwar Malam. Tun bara da jiri ya ɗebe shi a kasuwa 'yar ta gyara musu ɗaki a gidanta, can saman bene, inda babu bishiyar lemonsa, babu wurin kabad ɗin littattafansa, sai jikoki da talabijin. Kullum wa'azinta ɗaya: tsufa ya zo, su daina musu. Yau ta samu hujja. In bai nuna mata cewa laifin ƙasa ne ba na ƙafa ba, gidan nan sai dai ya riƙa zuwa ziyara.

"Mama, kawo ƙafar in gani."

Hajiya ta janye. "Bar ta, ta samu lafiya. Ke hannunki kamar na maƙeri."

"To Baba, kai zauna mana. Tun da na shigo kake tsaye."

"Malami ba ya zama a gaban aji."

Sai ya shiga darasi. Ya bayyana wa mai tayil yadda diddige ke fara tafiya kafin mai shi ya sani, yadda hannu ke neman bango ya rasa, yadda mutum ke tsintar kansa a rigingine yana kallon silin, har ya ga yanar gizon da ke bayan fanka. Ya ce a gidan nan ba a taɓa karɓar aikin da ba a gama ba, ko daga ɗan aji ɗaya. Ba ban haƙuri yake nema ba, gyara yake nema, kuma yau.

Mai tayil ya ce, ranka ya daɗe, shekaru ma suna da nasu. Tsoho ko a kan tabarma yana iya zamewa.

'Yar ta gyaɗa kai. Malam ya ga gyaɗawar, ya juya ga mai tayil.

"Madalla. Ka kawo da'awa, saura gwaji."

Ya sa aka miƙo masa buta, ya tsiyaya ruwa kaɗan a kan tayil ɗin daga tsaye, ko rusunawa bai yi ba.

"Kai ba tsoho ba ne. Bisimilla, taka."

Mai tayil ya yi murmushin wanda ya san aikinsa, ya taka. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, da bai rarumi ƙyauren ba da sai an kwashe shi. Hularsa dai ba ta tsira ba, ta faɗa cikin bokiti.

"Shekarunka nawa, ɗana?" Malam ya tambaya a hankali.

Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. 'Yar ma sai da ta dara, ta jefa makullin cikin jaka. Mai tayil ya matse hularsa, ya rantse kafin la'asar zai ɓamɓare na bangon ya sa mai kaushi. 'Yar ta ce a haɗa da ƙarfen riƙewa a jikin bango. Malam ya ɓata rai, sannan ya ce to, saboda Hajiya.

A bakin ƙofa ta juyo ta ɗaga yatsa.

"Allah ya taimake ku Mama ce, ita ƙarfe ce. Da Baba ne, da jirin nan nasa, ko tayil ko ba tayil, yau a gidana za ku kwana."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Malam.

Suka saurara har ƙarar motar ta ɓace. Hajiya ta warware ɗankwalin, ta miƙe tsaf, ta taka ɗaki ta ɗauko kwalbar man zafi.

"To Malam, an tashi daga aji. Kwanta rub da ciki in ƙara shafa maka, gobe kuma in za ka faɗi, ka faɗi a hankali kada maƙwabta su ji."