Fir'aunan Yumɓu

Ni ne na yi kuskure, ba Baba ba.

Ina firamare a unguwar Parkchester, can ƙasar waje, aka ba mu aikin gida a kan wani Fir'auna da ya daɗe yana mulkin Masar, ya cika ƙasar da manyan gumakan kansa na dutse. Na gina shi da yumɓu, zaune a kan karagarsa. Baba ya ce mutum-mutumi ba zai zauna a ɗakin da muke salla ba, ya fitar da shi bayan taga. Ruwan sama ya narkar da shi.

Da na gani da la'asar, sai na ce masa, "Kai ne Fir'aunan."

Bai dake ni ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya tattara yumɓun, ya zauna a ƙasa yana gina doguwar hasumiya mai tsini irin ta Misirawa. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓun nan.

"Wannan ba ta da fuska," in ji shi. "Kai wa malamarku."

Na karɓa ban yi godiya ba. Sai da ya tsufa ya koma Maraɗi na iya buga masa waya na ce, "Baba, ka yafe mini kalmar nan."