Sunan Ɗan Fari

A wani zamani, ƙafar roba ba ta zuwa sai mai ita ya kira ta da suna. Tabawa ce ta fara fitowa daga ruwa ranar gasa, an gama ninkaya, saura tseren keke da gudu, ga sabuwar ƙafarta can tsaye. Ɗanta na fari ya saya, ya laƙaba mata sunansa don tsokana, sunan da kunya ta hana Tabawa faɗa shekara talatin.

"Kai yaron nan, zo mana," in ji Tabawa. Ƙafa ko motsi.

Kande, abokiyar karawarta, ta wuce tana cewa, "Yaya, zauna da kunyarki, ni na tafi da kofi."

Tabawa ta rufe fuska. "Barau."

"Na'am, Inna," in ji ƙafar, da muryarsa sak, tun shi bai buɗe baki ba cikin 'yan kallo.

Ƙafar ta taho, Tabawa ta ɗaura, ta bi Kande tana dariya.