Mai Katunan Waya a Asibitin Masar

Ajiye wayar nan, Malam Tasi'u, na gani. Launi-launi, an jera, kowane rukuni da sunansa, sai ka ce kantin atamfa. Tun ɗazu kake nuna mini yadda ka tsara katunan koyon harshen nan, amma ban ji kalma ɗaya ta fito daga bakinka ba, kuma abin da ke ba ni haushi ke nan. Zauna in ba ka misali.

An yi wani magidanci da ciwon yanar ido ya rufe wa mahaifinsa idanu, likitoci suka ce sai an kai shi Masar an yi aiki. Tsohon nan mutum ne mai kamun kai, ko 'ya'yan cikinsa ba su taɓa ganin sa ba hula ba. Dangi suka zauna kan wa zai raka shi. Akwai ɗan ƙanwar tsohon da ya yi karatu a can, Larabcin titi da na kasuwa duk a bakinsa, amma magidancin nan ya kafe kai da fata. Ya ce ubansa ne, ba mai riƙe masa hannu sai shi, harshe kuwa ai yana da manhaja a waya. Aka bar masa, ga watanni a gabansa kafin tafiya. Sai ya kwaso katunan da wasu suka haɗa, dubbai, kalma a gaba, ma'ana a baya, ya juye a wayarsa. To, maimakon ya karanta, sai ya kama jera su. Dabbobi kore, tsuntsaye shuɗi, 'ya'yan itatuwa ja, kowane kati da hotonsa. Ya gama ya ga bai yi masa ba, ya rushe ya sake bisa haruffa. Ya kuma rushewa. Kullum yana majalisa yana miƙa wa mutane wayar su yaba. Matarsa ta ce masa ya fara da abin da zai kai shi: ciwo, magani, ruwa, banɗaki. Ya ce mata ba a fara gini daga rufi. Ya tattara waɗannan ya tura can ƙasa, wai zai zo kansu. Manhajar kan fito masa da katunan da zai maimaita kowace safiya, shi kuwa sai ya yi ta danna "na sani, na sani" ba tare da ya gwada faɗa ba, don kawai su kau daga gabansa. Kai jama'a, mutum ya zauna yana yi wa wayarsa ƙarya! Ita kuwa manhajar ta yarda da shi, ta daina kawo su. Sai a cikin jirgi ya tuna da kalmomin asibiti, ya buɗe, suka yi masa yawa, barci ya kwashe shi.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Aka naɗe wa tsoho idanu, aka ɗora shi a keken marasa lafiya, aka ajiye su a wani dogon baranda cike da mutane suna jiran likita. Can tsoho ya lalubo hannun ɗansa, ya yi ƙasa da murya ya ce yana son kewayawa. Ɗan ya duba gabas ya duba yamma, ƙofofi duk iri ɗaya. Rubutun da ke kansu yana iya haɗa baƙinsa, tun da ya yi allo, amma bai san me yake cewa ba. Wata mai goge ƙasa ta ga yana waige-waige, baiwar Allah ta ajiye bokitinta ta tambaye shi abin da yake nema. Ya buɗe baki, ba abin da ya zo masa sai sunayen tsuntsaye. Ko da hannu ai sai ya nuna mata, ko kurma ya san wannan. Ina! Girman kai ya hana, wai shi mai harshe. Ya zaro waya ya hau tone-tone. Yana rukunin gida ne? Na jiki? Ko wancan da ya tura ƙasa? Shi kansa bai san inda ya kai katin ba a jerin ƙarshe. Matar ta jira, ta gaji, ta ɗauki bokitinta ta yi gaba.

"Ɗan nan, yi sauri," in ji tsoho.

Ɗan yana can kansa a sunkuye a waya, sai ya ga mutanen da ke kusa suna janye ƙafafunsu, ga lema na malalowa daga ƙarƙashin keken. Tsohon nan, ba ya gani amma yana jin motsinsu, ya kama gefen babbar rigarsa yana ja yana ƙoƙarin rufe jikinsa. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta tafasa. Dattijon da ya shekara tamanin yana tsare mutuncinsa, ɗan cikinsa ya zubar masa da shi a ƙasar mutane. Sun dawo gida ido ya buɗe tar, yana karanta Alƙur'aninsa ba tabarau. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru ba, ɗan ne ya faɗa da bakinsa daga baya. Amma in ɗan ya shigo gaishe shi, sai ya amsa yana kallon tabarma, kuma haka suka zauna har Allah ya karɓi ransa.

Saboda haka, Malam, ware kaɗan da ka san za ka buƙata ranar da ka sauka a ƙasar masu harshen, ka sa su a sama, ka faɗe su da baki yau, gobe ka sake, in ba ka sani ba ka danna ba ka sani ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.